Mu da Layin Likitan Ƙwaƙwalwa

Mu Hausawan unguwar Fegge a ƙasar Ibo ai ba ma ciwon damuwa. Tambayi kowa a teburin mai shayi: "Alhaji, ya jiki?" "Alhamdulillahi, 'yar gajiya ce." Barci ya ƙaurace wa mutum, tirelar albasarsa ta ruɓe a hanya, ko taya ta fashe sai ya zabura, amma wai gajiya. Sai ranar da ya fara zance shi kaɗai a bakin rumfa mu ce jifa ne, ko iska ta taɓa shi.

Daga nan kowa ya san hanya. Malam ya yi ruƙiyya, a sha rubutu, a turara habbatussauda, wani ya leƙa kasuwar magani ta Head Bridge ya sayo ƙwayar barci ba takardar likita. In abu ya faskara a yi karo-karo, a sa shi a motar da ta sauke shanu, "a kai shi gida." In an dace, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato. In ba a dace ba gidan mari, irin na Rigasa da 'yan sanda suka fasa a 2019.

Alhali ga asibitin Nawfia nan a hanyar Awka, ga na tarayya a Enugu, 'yan Fatakwal kuma ga na Rumuigbo. To me ya hana mu?

"Layi, Baba!" in ji yaranmu.

Ba ƙarya suka yi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, su ma Ingila da Saudiyya na ta kwasa. Ka yi sammako, ka yanki kati, ka wuni a benci shago a kulle, a ba ka wata ranar. In ta faɗo Litinin, da aka saba zaman gida tun 2021, wa zai fita?

Amma ni a wurina babbar matsalar baki ce. Rabin maganin wannan ciwo hira ce. Likita na da Turanci da Ibo, namu na da Hausa da ɗan burokan da bai wuce na ciniki ba. Dole a tafi da tafinta, tafintan kuwa maƙwabcinka ne, wataƙila ma ɗanka ke neman 'yarsa. A gabansa za ka ce kana kuka cikin dare? Ina! Sai ka ce ciwon kai, likita ya rubuta abin da ya ji. In ka kuskura ka faɗi gaskiya, kafin la'asar zancen ya riga ka zuwa masallaci.

Rannan wani ɗalibi ke ba mu labarin Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958. Mai shayi ya ɗago daga kaskon ƙwai: "Ɗan nan, duba mini, an sa tafinta a ciki?"