Jagoran Sabon Ɗan Fansho a Agadas

Ranar da aka miƙa maka takardar ajiye aiki, abokan aiki za su yi layi suna cewa, "To, Alhaji, sai hutu." Ka amsa da amin, ka karɓi dardumar salla da agogon bangon da suka haɗa kuɗi suka saya maka, amma kada ka ɗauki maganar da gaske. An dai canza maka shugabanni ne. A da mutum ɗaya ke ba ka umarni. Yanzu uku ne: Hajiya, likita, da gwiwarka ta hagu. A cikinsu likita ne kaɗai ake iya yi wa ƙarya, shi ma na ɗan lokaci.

Fara da takardu tun da sauran ƙarfi. Idan kamfani ka yi wa aiki, asusun CNSS ne gidanku, kuma a can shekara 60 ce ƙa'ida. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, hanyarka ta bi ta CARENI. Ko wanne ne, ka tanadi jakar fata irin ta dukawan garin nan, mai baki uku, domin za a nemi takardar ɗaukar aiki, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro, da taka ta haihuwa. Wannan ta ƙarshe ita ce abin kallo. Da yawa daga cikin 'yan zamaninku ba a asibiti aka haife su ba. Alƙali ne ya dubi tsawon yaro ranar da za a sa shi lakkol, ya ƙiyasta shekara, daga baya aka liƙa masa 1 ga Janairu. Wanda aka rage wa uku ya ci ribar albashin shekara uku, ya yi ta murna. Sai dai gwiwa ba ta halarci zaman kotun ba, lissafinta daban take yi.

Daga nan kuma lokaci-lokaci za a buƙaci takardar shaidar cewa kana raye. Kada ka yi fushi. Ka je da ƙafarka, ka yi sallama da ƙarfi, ka tsaya gaban ma'aikacin, yaron da wataƙila kai ka koya wa ubansa aiki, ya dube ka sama da ƙasa ya ce a dawo da hatimi. Numfashi ba hujja ba ce a ofis. Ka tuna kai ma shekara talatin kana cewa mutane su dawo gobe.

Idan daga Arlit ka dawo, akwai ƙarin darasi. Wanda ya yi aiki a SOMAÏR, da ta fara haƙar yuraniyom a 1971, ko a ramin COMINAK na Akouta, da aka rufe ranar 31 ga Maris 2021 aka sallami ma'aikata wajen 600, ya saba da rayuwar gidajen kamfani: ruwa na zuwa, wuta na zuwa, asibiti na nan, ba mai kawo masa takardar biya. Yanzu ya sauko kilomita 240 zuwa Agadas, zai yi ido huɗu da takardar NIGELEC ta farko a watan Mayu. Shawarata ita ce a karanta ta a zaune. Daga ranar za ka zama mai gadin fitilu, kana bi ɗaki-ɗaki kana kashewa, kana tambayar wa ya bar fanka tana yi wa tabarma fifita. Amma ga magana ba ta wasa ba: ƙurar da ka shaƙa a rami ba ta yi ritaya tare da kai ba. Tun 2011 aka kafa OSRA, cibiyar da ke bibiyar lafiyar tsofaffin ma'aikatan ma'adinai a jihar Agadas. Ka nemi a duba ƙirjinka, ka adana kowane sakamako a cikin jakar nan, kuma tarin da ya haura mako uku kada ka ɗora wa hunturu laifinsa.

Kuɗin sallama kuwa, da zarar sun shigo, za ka gano kana da dangi har Bilma. Kowa da shawararsa. Wani zai ce a sayi na'urar neman zinariya, tunda tun 2014 da aka gano ta a Djado mutane ke komawa attajirai dare ɗaya. Ba zai ambaci waɗanda suka dawo da bashi da ciwon baya ba. Wani zai ce Hilux, ai an soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure a Nuwamba 2023, hanyar Dirku ta sake buɗewa, motoci na tashi. Wani kuma zai rage murya ya ce akwai wata bazawara mai hankali a Dagamanet. Ka saurari kowa da natsuwa, ka ce za ka yi istihara. Istiharar ɗan fansho ba ta da wa'adi. Idan ya zama dole sai ka sayi wani abu, sayi awaki biyu da buhun gero. Akuya ba ta taɓa kiran mutum daga tsakiyar Tenere ta ce injinta ya buga ba.

Yanzu sai gida, inda yawancin sababbin 'yan fansho ke faɗuwa jarrabawa. Kana zaton gidanka ne domin sunanka ke kan takardar fili. Gaskiyar ita ce daga bakwai na safe zuwa azahar gidan yana da gwamnatinsa, ta daɗe tana mulki ba tare da kai ba, kuma ba ta nemi mai ba da shawara ba. Kada ka leƙa tukunya. Kada ka ƙirga dunƙulen Maggi. Kada ka kira taron iyali don a tattauna dalilin da ya sa sabulu ke saurin ƙarewa. Duk ranar da Hajiya ta ce, "Alhaji, yau ba ka leƙa abokanka ba?" ka sani ba lafiyar abokan take tambaya ba. Ɗauki rawaninka ka fita. Idan ita ma Hajiyar ta ajiye aikin koyarwa ko na unguwarzoma, to ita ba ruwanta da wannan jagora: kafin wata guda ta shiga adashi uku, ta fara sarin atamfa, ta zama ma'ajin ƙungiyar matan unguwa, kai kana nan kana neman tabaranka da ke bisa goshinka.

Inda za ka nufa shi ne fada, gindin bango, wurin tsofaffi 'yan'uwanka. Sabon shiga ba ya zama a tsakiyar tabarma, kuma ba ya fara magana da "lokacin da nake shugaban sashe". Kowa a nan ya taɓa zama shugaban wani abu. Akwai ma waɗanda ba su san ritaya ba sam: maƙerin da ke zuba azurfa tun kafin a haifi babban ɗanka, madugun da ya kai ayari Fashi da Bilma har ƙafa ta ƙi, mai lambun albasa daga Tabelot. Ba mai ba su ko dala a ƙarshen wata. A gabansu ka rage kukan cewa fansho ya yi kaɗan, ko da ya yi kaɗan ɗin, kuma ya yi.

A fada ne shayi zai kama ka. Da kana aiki, zagaye ɗaya kake samu kafin a kira ka. Yanzu na farko, na biyu, na uku duk naka ne, safe da yamma, kuma mai dafawa ba da cokali yake auna sukari ba, da tafin hannu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce wajen giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12. Butar fada ɗaya ta isa ta kai ka can kafin walaha. Dabarar da tsofaffi suka ƙware a kai ita ce kada a je awo, wai abin da ba a auna ba bai kama mutum ba. Dabara ce mai kyau, tana aiki har ranar da mutum ya lura yana tashi fitsari sau huɗu cikin dare, ƙishirwa ba ta yankewa, ɗan ciwon da takalmi ya ji masa ya ƙi warkewa. Awon ba wuya: a je da safe ba a karya ba, a ɗiga jini, idan ya kai giram 1.26 a lita, aka sake aka samu haka, to sukari ya iso, sai a yi sulhu. Ka karɓi kofi na farko ka riƙe shi har a gama na uku, kana kurɓa da ƙara don kada a ce ka raina mai dafawa. Tukuɗi kuma, mai gero da cuku da dabino, a bar shi sai ranar salla.

Gishiri ya fi ciwo. Garin da arzikinsa ya tashi a kan kantun Bilma da gishirin Tegidda, garin da kowace shekara ake tafiya Ingal bikin kai dabbobi lasar gishiri, a ce wa ɗansa kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da na cikin Maggi da kilishi, ai wannan kusan cin mutuncin tarihi ne. Sai dai tansiyo bai san tarihi ba. Idan ma'aikacin lafiya ya ɗaura maka abin awo ya ce 14 da 9 ko sama, kuma aka maimaita wata rana aka samu haka, to an ɗaura maka aure da ƙwaya, kuma babu saki. A nan ne gwanintar ɗan fansho ke bayyana: ya sha magani kwana goma, kai ya daina ciwo, ya sanar da fada cewa ya warke, ya ba maƙwabci ragowar. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Tun Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocinta, don haka uzurin tsada ma ya rage rabi. A nemi wani.

Za a kawo maka magunguna ko ba ka tambaya ba. Mai lasifika a bakin kasuwa yana da kwalba ɗaya da ke maganin basir, sanyi, shawara, hawan jini da raunin mazakuta, duka a jaka ɗaya. Yaro mai tire yana da jar ƙwaya da ke kashe ciwon gwiwa cikin minti goma, ƙwayar da ta kwana arba'in a rana, wadda idan aka mai da ta abincin kullum take cin ciki da ƙoda a hankali. Sai kuma masu cewa Tafadek. Wannan kam ba laifi: ruwan zafi ne mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa a arewacin gari, mutane sun daɗe suna zuwa don ciwon gaɓoɓi, kuma jiki na jin daɗinsa. Ka je, ka jiƙu, ka dawo da labari. Ka dai tafi da ƙwayoyinka a aljihu, kada ka daɗe a ciki in kana da tansiyo, kuma ka sani hanyar kanta za ta mayar maka da rabin ciwon bayan da ka baro a can.

Motsa jiki kuma, likitoci na cewa minti 150 a mako. Kada wannan ya sa ka sayi wandon 'yan ƙwallo ka ba unguwa abin magana. Ka canza masallaci kawai: maimakon na ƙofar gida, ka nufi babban masallacin Juma'a ta lungunan tsohon gari, ka gaisa da kowa, ka dawo ta kasuwar dare. A watannin zafi, lokacin da awo ke haura digiri 40, a yi tafiyar bayan asuba, da ruwa a hannu. Hasumiyar masallacin kuwa, mai tsawon mita 27, wadda aka gina wajen 1515 aka sake gina ta a 1844, a kalle ta daga ƙasa. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba ta ce sai ka hau ba. Matakalarta na ƙara matsewa ana hawa, kuma gwiwarka yanzu kamar ƙyauren tsohon zaure take, ba ta buɗuwa sai da ƙara. Ranar da sujada ta fara gagara, malamai sun yarda a yi salla a zaune; ka sa jika ya riƙo maka kujera, ka daure da tsiyar da zai yi maka a hanya, haƙƙinsa ne. Haka in hazo ya ƙi washewa a idonka alhali kowa na ganin sarari, wataƙila yanar ido ce, aikin ɗan lokaci ne a cire ta. Kada ka bari mai tsinke ya taɓa maka ido.

Sauran lokacin da ya rage, suna da ɗaurin aure da jana'iza za su cinye shi, tunda yanzu ba ka da "ina wurin aiki". Za a naɗa ka wakilin ango, mai raba gardamar fili, ma'ajin kuɗin gyaran masallaci. Karɓi biyun farko, ka guji na ukun. Idan bikin Biyanu ya zo, ganguna suka taso daga gabas da yamma, samari suka yi ado da rawani mai tukku suna rausaya, ƙafarka za ta tuna abin da ta saba. Ka bar ta ta tuna. Ka tsaya a inuwa ka riƙa gyaɗa kai, kana gaya wa na kusa da kai cewa yaran yanzu ba su iya ba. Idan jikanyarka ta ja hannunka ta ce, "Angona, taso mu shiga," ka ce mata Hajiya na kallo.