Rub da Ciki a Gaban Fure

Afrilu ya kama, 'yan uwanmu na Ingila sun tashi da ciwonsu na shekara-shekara. Mu nan Kano zafi ya haura 40, ba wuta, fanka ta zama kayan ado, su kuwa sun cika zauren dangi na WhatsApp da furannin daji. Shuɗi, rawaya, da wani mitsitsi da sai ka ƙura ido kafin ka yarda ba ƙuda ba ne.

Furen da sauƙi. Kwanciyar ce ta tsaya mini a rai. Ɗan yayana ya turo hoton da matarsa ta ɗauke shi a gandun Richmond na Landan: ya yi rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa, haɓa a ƙasa, waya a gaba, har numfashi ya riƙe kada furen ya motsa. Yaron da tun da ya yi digiri na biyu gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa don gaida Kawu ba, wai ciwon baya! Ashe bayan yana lanƙwasuwa, zaɓen wanda zai lanƙwasa wa yake yi. Na ba Kawu shawara ya dasa fure a ƙofar zaure ya zauna a bayansa, ko ya samu gaisuwar da yake bi bashi. In ya sa hula shuɗiya ma, wataƙila har hoto a yi masa.

Sai suna. Ya haska wa manhajar PlantNet, ta ce Hyacinthoides non-scripta, ya rubuto haka ba ƙarin bayani. Gwaggo ta aika saƙon murya tana yi masa addu'ar samun sauƙi. Da aka fahimtar da ita, ta ce, "To ana miya da shi?" Ba a yi. Guba ne, kuma tun 1981 doka ta hana tone shi a daji. Ta ce ciyawa ma da gatanta.

Wallahi abin haushi, yaron nan da kwaɗon tafasa aka raine shi, amma yau ka ajiye masa tafasa da rai-ɗore, sai ya nemi intanet.

Kuma wa ke biyan datar? Ko da yake gara shi, furensa na gaske ne. Ku masu turo jan fure mai ƙyalli da tsuntsaye biyu kowace Juma'a da asuba, hoto ɗaya daga mutum tara, Baffa har da kai, mako mai zuwa zan faɗi sunaye.