Lissafin da muke yi a Birikiteri

A unguwar Birikiteri ta Yawunde, in an idar da sallar isha'i, hayaniyar kasuwar Mokolo ta lafa, masu tsire sun hura wuta, akwai zancen da ba ma ɗaukowa sai an sallami yara daga bencin mai shayi. Shekaranjiya ya taso. Wani tela maƙwabcinmu ya zo jiki a sanyaye: mai ɗakinsa na da juna biyu, ga na goye bai cika wata takwas ba. Kwanika ke nan. Ya dubi dattijon cikinmu ya ce, "Wallahi Baba, ban taɓa sakaci ba. Kullum a waje nake zubarwa."

Kowa ya gyara zama, domin akasarinmu dabarar ke nan.

Mu 'yan unguwar nan tun muna gaban malam a zaure muka san maziyyi. An karantar da mu ruwa uku: maniyyi sai wanka, wadiyyi mai biyo fitsari, sai maziyyi, siririn ruwan nan mai yauƙi da ke fita idan sha'awa ta motsa, wanda hukuncinsa a wanke gaba a sake alwala. Har mun haddace yadda Sayyidina Aliyu ya ji nauyin tambayar surukinsa, Manzon Allah (SAW), ya aiki Miƙdad. Duk wannan daidai ne. Inda muka kauce shi ne ƙiyasin da muka yi wa kanmu, wanda babu malamin da ya koya mana: wai tunda bai wajabta wanka ba, ba ya sa ciki. Babin tsarki daban, aikin jiki daban.

Akwai ƙaninmu ma'aikacin jinya da ke zama da mu in ba ya aikin dare. Shi ya karɓe zancen. Ya ce, "Yaya, ruwan nan ba daga 'ya'yan maraina yake fitowa ba. Wasu ƙululu biyu ne kamar ƙwayar wake a ƙasan mafitsara ke samar da shi, don ya wanke hanyar da fitsari ya bi. Amma hanyar ɗaya ce da ta maniyyi." Ya ba mu labarin binciken da aka wallafa a Ingila a 2011: an duba maziyyin maza 27, aka samu ƙwayoyin haihuwa a na mutum 11, a na 10 daga cikinsu ma suna motsi. Wasu binciken ba su ga komai ba. To wane namiji ne zai iya cewa ga rukunin da yake ciki? Ruwan ma sau da yawa ba a jin fitarsa. Ƙwayar kuma in ta samu shiga, tana iya kwana biyar a jikin mace tana jiran ƙwai.

Sai ya kawo lissafin da ya sa bencin ya yi tsit. Cikin ma'aurata 100 da suka dogara da azalu, wato zubarwa a waje, kaɗai, kusan 20 kan samu ciki a shekara guda. Ko waɗanda ba su taɓa kuskuren lokaci ba, kusan 4 na samu.

Abin da ya fi ci mini rai ba cikin ba ne, haihuwa ai arziki ce. Abin da ke biyo baya ne. Na san gidan da miji ya rantse ba nasa ba ne, saboda "ai a waje nake yi". Mace kamila ta kwana kuka, magana ta kai ga iyaye, a kan abin da jikin mijin ne ya aikata ba da saninsa ba. Ita ce da laulayi, ita ce da yaye na dole, ita ce kuma da zargi. Mun riƙe cewa sahabbai sun yi azalu, amma muna mantawa a mazhabarmu ta Malikiyya sai da yardar matar. Mu nawa ne muka taɓa tambaya?

Dattijon ya ce, "To ɗana, mene ne abin yi?" Ƙanin namu ya ce ga kwaroron roba, Prudence Plus ba ya wuyar samu a Yawunde, kuma shi ne ke tare cutar ƙanjamau da ciwon sanyi, waɗanda su ma maziyyi ke ɗauke da su. Ga allurar wata uku, ga ashanar hannu, ana yi a asibitoci da wuraren ƙungiyar tsarin iyali ta CAMNAFAW. In kuma an yi kuskure, akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta Norlevo a kantin magani, a sha cikin awa 72, gara da wuri. Shayarwa ma, ya ce, tana karewa ne kawai kafin jariri ya cika wata shida, in nono zalla yake sha kuma al'ada ba ta dawo ba.

Telan ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya tambayi ranar da ake awon ciki, ya ce shi zai kai ta da kansa. Ya sa aka naɗe masa tsire na sefa dubu, ya nufi gida.