Madalla da Masu Sayen Babu

Allah ya saka wa attajiran zamanin nan da alheri. Shekara da shekaru malamai na wa'azin gudun duniya har maƙogwaro ya bushe, ba wanda ya ji, sai ga shi masu kuɗin da kansu sun karɓi aikin. Leƙa falon ɗayansu a Landan ko Los Angeles ka sha kallo: bango fari fat, daɓen siminti, kujera ɗaya tal a kusurwa kamar marainiya, sai wani busasshen reshe a cikin tulu. Ba labule, ba hoton iyali, ba ko takalmi a bakin ƙofa. Wanda bai waye ba sai ya fara jaje, ya ɗauka ɓarayi ne suka yi musu yasa cikin dare. Ina! Ado ne. Sunansa minimalizim, wato a rage komai sai abin da ya zama dole. Abin da ya zama dolen kuwa shi ne kuɗi.

Yabo na farko na Mies van der Rohe ne, Bajamushen da ya koma Amurka da zama. A 1951 ya gama gina wa wata likitar ƙoda ta Chicago, Edith Farnsworth, gidan hutu a bakin kogin Fox da ke jihar Illinois. Ɗaki ɗaya ne, gilashi ta ko'ina, a kan ginshiƙan ƙarfe takwas. Kuɗin ya haura abin da aka yi shiri, ya kai wajen dala 74,000, har maganar ta kai su kotu. Matar, da yake ba ta san darajar fasaha ba, ta riƙa ƙorafi wai duk mai wucewa yana kallonta, wai ko kwandon shara ba ta iya ajewa don ana hango shi daga waje, wai sauro. Kogin ma ya sha shigowa ciki ya yi kallo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan maganar mutanen da ce, kafin a gano cewa mai ɗaki shi ne babban abin da ke ɓata ɗaki. Yanzu gidan ya zama wurin tarihi, ana sayen tikiti a shiga. Tun da aka raba shi da mazauna ya samu lafiya.

Sai Tadao Ando na Japan, tsohon ɗan dambe da ya koya wa kansa zanen gini, gwanin kankare tsirara. A 1976 ya gina wani siririn gida a Osaka, ya bar tsakiyarsa a buɗe, ta yadda in ana ruwa sai ka ɗauki lema kafin ka je bayi daga ɗakin kwana. Duniya ta tafa masa, a 1995 aka ba shi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a wannan sana'a. Mu da muka tashi muna tsallake tsakar gida a guje da buta cikin ruwan Agusta, ashe a cikin fasaha muke rayuwa, ba wanda ya gaya mana.

Labarin da ya fi ratsa ni shi ne na John Pawson na Ingila. A 1995 ya tsara wa kamfanin tufafi na Calvin Klein kanti a titin Madison na birnin New York, wayam, kamar an manta a kawo kaya. Wasu ruhubanawa 'yan ɗariƙar Trappist, mutanen da suka bar duniya suka rungumi shiru da ibada, suka ga hotunan kantin, suka neme shi ya gina musu gidan ibada a Nový Dvůr ta ƙasar Cek. An keɓe cocin a 2004. A duba wannan ci gaba. Da can ɗan kasuwa ke zuwa wurin mai zuhudu neman albarka. Yau mai zuhudu ne ke leƙa kantin kamfai don ya ga yadda ake yin sa da kyau.

Kim Kardashian da Kanye West ma ba a bar su a baya ba. Gidan Hidden Hills, wanda suka saya dala miliyan 20 a 2014, Axel Vervoordt na Beljiyam ya taya su kwashe shi tas, har uwargida ta kwatanta shi da gidan ruhubanawa. Wurin wanke hannunsu ba shi da kwarmi, shafaffe ne kamar tebur, sai da ta yi bidiyo ta bayyana wa jama'a inda ruwan ke bi. Wanke hannu ya zama darasi. Yara huɗu a gidan, amma a hotunan manyan ɗakunan ba ka ganin sawun ko ɗaya. Tarbiyya ke nan.

Mahassada kan ce ai ɗakin gwauro ma haka yake, tabarma da buta da ƙusa a bango. Jahilci ne. Babun gwauro kyauta ce, shi ya sa ba ta da mutunci. Babun attajiri sai an biya. Katakon da ake bi da shi gindin bango aikinsa rufa wa magini asiri, in an cire shi dole bango da daɓe su haɗu ba kuskuren ko gashi ɗaya, kuma wannan aikin ba na kowane lebura ba ne. Ƙofar kabad da ba ta da mariƙi tana da na'ura a ɓoye. Kayan da ba ka gani ba kuwa ba sadaka aka yi da su ba, suna nan a bayan bango, cikin ɗakunan ajiya da ba a ɗauka a hoto. Ko Marie Kondo, wadda ta koya wa duniya zubar da tarkace, a 2019 ta buɗe kanti a intanet don a samu abin cike gurbin da aka zubar. Tausayi ne ya sa.

A bayan bangon nan dai, kusa da akwatuna, akwai wata mata da tsumma. Ƙofa marar mariƙi da hannu ake tura ta, hannu kuma yana barin shaida, farin daɓe ba ya yafe ƙura. Ita ce ke bin sawun maigida tana shafe shi tun asuba. Gwanintar wannan salo ita ce ya ɓoye ta kamar yadda ya ɓoye wayar lantarki.

Otal-otal sun ɗauki darasin da hannu biyu. Kamfanin Aman, da ya fara a tsibirin Phuket na Tailan a 1988, ya buɗe Amangiri a hamadar Utah a 2009, kankare mai launin yashi a tsakiyar duwatsu, kwana ɗaya dubban daloli. Masu kwaikwayonsu sun ƙara gishiri: makunnin fitila ya ɓuya sai ka yi lalube kamar mai neman allura, bangon banɗaki gilashi ne don ƙarfafa zumunci tsakanin abokan tafiya, ba inda za ka rataya riga. Ka biya, ka kwanta, ka gode.

Amma kambun na Kanye ne shi kaɗai. A 2021 ya sayi gidan da Ando ya zana a gaɓar tekun Malibu kan dala miliyan 57. Ya duba ya ga har yanzu da sauran almubazzaranci, sai ya sa aka cire tagogi da ƙofofi da wayoyin wuta da famfo, iskar teku ta shiga ta yi yadda take so. Ba wanda ya taɓa kai wannan ɗariƙa inda ya kai ta. A 2024 aka sayar da gidan wajen dala miliyan 21. Masu lissafi suna ce wa wannan asara, su da ba su san daɗin rage kaya ba. Abin takaicin kawai, waɗanda suka saya sun ce za su mayar da tagogin.