Littafin Awon Tela

Akwai wani tsohon tela a kasuwar Wuse da ke mini ɗinki tun ina tuzuru. A farkon Fabrairun 2023, ana tsaka da wahalar canjin kuɗi, na je karɓar kaftanina, na tarar ko almakashi bai sa wa yadin ba.

"Haba Baba, haka za mu yi da kai?"

"Yi haƙuri, ɗana. Honorabul ne ya tare keken."

Ya nuna mini kaya huɗu a rataye, duk na mutum guda. Babbar riga da zanna bukar domin Juma'a a Zuba. Jar hula da riga mai kawunan zaki domin 'yan katakon Dei-Dei. Agbada domin taron Yarabawa a Kubwa. Na huɗun saƙi ne irin na Gwarawa, da shi za a shiga Kwali da Bwari.

Ban cika ganin laifin Honorabul ɗin ba. Abuja ba ta da gwamna, sanata ɗaya ne, 'yan majalisar wakilai biyu, kuma tun da Murtala ya ayyana ta babban birni a 1976 ba yaren da bai sauke kayansa a cikinta ba. Mai neman kujera a nan dole ya yi dangi da kowa.

Muna nan sai ga Honorabul ɗin da 'yan rakiya. Ya ce wa Baba shi fa yanzu ya sauya, ya girma, siyasa ta koya masa cewa duk ɗaya muke. Har ya buɗe waya ya nuna mana hotonsa a wani ƙauyen Gwarawa, ya taya wata tsohuwa ɗaukar itace, ya ɗora dammin a ka. Ashe duk zaman da ya yi a ƙasarsu bai lura a kafaɗa matansu ke ɗaukar kaya ba. Bai kuma ce ya tambaye ta ina gonarta ta tafi da aka yanka filaye ba.

Baba bai tanka ba. Ya jawo wani littafi da murfinsa ya sha maiƙo, ya laso yatsa, ya buɗe shafin 2011, ya zagaya masa tef.

"Ranka ya daɗe, gaskiyarka, an samu ƙari. Ciki ya ƙaru da inci tara, wuya da biyu. Aljihu ma kullum sai ka ce in ƙara masa zurfi." Ya sake duba shafin. "Ƙirjin ne dai yana nan inda na bar shi."

'Yan rakiya suka yi shewa, su a zatonsu kirari ne.

A zaɓen ranar 25 ga wata Ireti Kingibe ta karɓe kujerar sanata daga Philip Aduda bayan shekara 12 yana kanta. Guguwar ta haɗa da Honorabul ɗin namu, da ke neman wata kujerar daban.

Da na koma bayan ƙaramar salla, kaya uku na nan a rataye sun yi ƙura, ba a biya kuɗin ɗinkinsu ba. Na tambayi wanne ya aiko aka ɗauka.

"Na garinsu," in ji Baba, ya ci gaba da taka keke.