Mu da Injin Feshi

Jama'a, a faɗi gaskiya, mu manoman Gaya da Ajingi ba mu da na biyu wajen son feshi. Gero da dawa da gyaɗa muka gada, amma tun da masara ta shiga ranmu, kowa ya zama likitanta. Da ganye ya sauya launi sai a saɓa inji a baya, ko tambaya babu.

Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, duk abin da ya taɓa gona mun ɗora mata. Marka ta zauna a Agusta, raɓa ta kwana a ganye, sai ka ga dogayen tabo masu ruwan toka sun fara daga ƙasa suna hawa sama, ko wani jan gari kamar tsatsa da ke maƙalewa a riga. Wannan aikin funfuna ne, ba ƙwaro ba. Mu kuwa sai mu zazzaga maganin tsutsa, mu ƙara, mu sake ƙarawa, ganye na ta ƙonewa muna cewa ai maganin bana jabu ne. Wani ma yuriya zai watsa, wai yunwa ce.

Kuma wa ke karanta takardar jikin kwalba? Murfi ne ma'auninmu, in abin ya ba mu haushi a koma gwangwanin tumatir. Maƙwabci ya zuba uku, kai sai biyar, don kada a ce ka yi rowa. Injin da aka fesa maganin ciyawa da shi jiya, shi za a cika yau ba ɗauraya. Ga rana tsaka, ga iska, ga yaro ba takalmi ba safar hannu, ya rufe hanci da gefen riga. Kwalbar ta ƙare kuma, ba a yar da ita, tana rataye a zaure da man gyaɗa a ciki. Wannan kam, Allah ya sani, ba abin dariya ba ne, guba ce muke kai wa gida da hannunmu.

Abin da malaman gona na KNARDA ke ta nanatawa shi ne, magungunan funfuna irin su mankozeb rigakafi ne, suna zama a kan ganye su tare cuta, ba sa tayar da ganyen da ya riga ya mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an ga tabon farko a ganyen ƙasa, kafin masara ta yi goyo, lokacin ke nan, da safe ko da yamma, ba sa'ad da hadari ya haɗo ba. Tun ma kafin nan akwai garin da ake cuɗa iri da shi, irin su Apron Star, akwai irin SAMMAZ na Samaru, akwai sauya gona da wake ko gyaɗa don cutar da ke kwana a karan bara ta rasa mafaka. Duk mun sani, sai dai kowa na jiran ya ga wane ya fara.

Girbi ya zo kuma sai a zube masara a ƙasa, a ɗure ta a buhu da sauran danshi don kasuwar Wudil ta Juma'a ba ta jira. Wadda ta yi kore a gefe a ware ta, a ce ta kaji ce, ko a kai inji a ce tuwo ba ya nunawa. A nan ne gubar afalatoksin take, mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.