Zuwa ga Bawana Bazazzage Mai Neman Aure a Bunkure

Bawana, labari ya iso mana Kura cewa kana haɗa kayan zaƙin da za ka kai gidan surukai ranar Sallah, wai har ka sayo cakulan kwali guda ka ɗaure shi da jan zare. Sannu da ƙoƙari. Sai dai ka manta Ƙaramar Sallah yanzu a bazara take faɗowa, ta 2025 ma ranar 30 ga Maris aka yi ta. Ka loda cakulan a bayan mota daga Zariya cikin wannan rana, kafin ka wuce Kwanar Dangora ya zama kunu. Da cokali za su sha?

Tsaya in koya maka, tunda ubangida ba ya barin bawansa ya kunyata. Gidan da za ka shiga gidan masu noman rani ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kadawa da Kura, ana noma alkama da shinkafa lokacin da ku kuke zaman jiran damina. Alkamar nan ita ake ɓarzawa a kwaɓa tsakinta, a bar shi ya kwana, a murza a nannaɗe, a soya, a tsoma cikin zuma, ya fito alkaki. Shinkafar kuma a soya ta a daka, a haɗa da zuma da man shanu da citta da kanumfari, ta zama nakiya wadda za ta yi watanni a kwano ba ta canza ba. Matan gidan sun san na kirki tun daga ƙamshi, saboda haka kada ka kuskura ka ɗebo na bakin tasha da ya sha ƙura.

Kuma a daina zuba wa kowa abu ɗaya. Kakar yarinyar haƙora biyu suka rage mata, in ka miƙa mata iloka ta liƙe ta tafi da ɗaya, to auren nan sai dai ka ji a salansa. Ita tuwon madara za ka kai mata, mai laushi, ta tsotsa ta sa maka albarka. Baban yarinyar dattijo ne, ba ya tauna alewa a gaban suruki. Dabino mai kyau da farin goro sun wadatar. Yaran gida kuwa, gullisuwa da kantun riɗi da carbin malam, ka ƙulla wa kowa nasa daban, in ba haka ba faɗan da za a yi a zaure da sunanka za a riƙa tuna shi.

Na san abin da ke ranka: mazarƙwailar Makarfi. Ban hana ba, ita kaɗai ce abin da kuka fi mu, shi ma don rake ya ga dama. Ka sa ƙwarya ɗaya a ƙasan jaka, amma kada ka tsaya yi musu lacca a kanta yadda kuka saba, ku da kowane ɗanku malami ne.

Ita yarinyar fa? Ka tambayi ƙanwarta abin da take so, ka ba ƙanwar naira ɗari biyar ta rufe baki. Kada ka tambaye ni, kuɗin shawarata ya fi ƙarfin albashinka.

In ka gama gaisuwa, ka biyo ta Kura ka ajiye kason ubangidanka. Dubulan nake so, mai zuma, cakulan ɗin kuma ka mayar da shi Zariya.